Jegon Ruwan Randa

Ranar da Allah ya yi wa matar Yaya rasuwa, tabarma ta yi ƙaranci a layinmu na Sharada. An aro na masallaci, an aro na Islamiyya, duk da haka wani dattijo sai a kan buhun gawayi ya samu wuri, ya tashi bayan rigarsa baƙi ƙirin. In na ce rabin Kano ta zo, za ku ce Auta ya fara halin nasa. To na rage, ku ɗauka rabin rabi ne, amma ƙasa da haka ba zan sauka ba.

Tsofaffin ma'aikata ne suka fi cika wurin, na masaƙun Bompai, na majemun Challawa, da namu na nan Sharada, mutanen da ƙarar inji ta cinye wa kunne tun suna samari. Su ta'aziyyarsu da ƙarfi ake yi. Wannan ya ce Allah ya jiƙanta kamar yana kiran fasinja a tasha, wancan ya amsa da amin ɗin da sai da kaji suka watse. Ɗaya ya riƙe hannuna ya ce lokacin da ya zo daga Nijar ba shi da kowa, wake da shinkafar gidan nan ce ta riƙe shi har ya yi aure. Wani ya ce shi bai taɓa ganin fuskarta sosai ba, muryarta ya sani daga zaure, tana faɗan wanda ya ci ya bar kwano a ƙasa.

A cikin gida kuwa, matata ta ba ni labari, akwai wata mata da babu wanda ya san ta a dangi, amma ta fi kowa kuka. Da aka tambaye ta sai ta ce shekarun baya ta shiga wani hali, ba ta ci, ba ta magana, ba ta son ganin hasken rana, marigayiya ce ta sa aka turo ta a keken guragunta har ɗakin matar. Ba ta yi mata wa'azi ba. Faifan wake ta ajiye a tsakaninsu ta ce su tsince. Haka suka yi ta tsintar wake kullum har bakin matar ya buɗe.

Yaya bai yi kuka a gaban mutane ba. Ana cikin gaisuwa bayan azahar, rana ta take, sai ya ɗago ya ce wa wani jikansa ya je ya duba ko fankar ɗakinta tana juyawa. Jikan ya tsaya yana kallonsa. Yaya ya tuna, ya sunkuyar da kai, ya ce a bari.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar wata tsohuwa. Ta shigo tana dogara sanda, ta zauna, ta ce Allahu akbar, wadda ta ƙi wanka ta tafi. Jikokin marigayiya suka ji, ransu ya ɓaci, suka same ni a zaure suna tambaya wai tsohuwar nan so take ta ce kakarsu ƙazama ce? Na yi dariya a wurin makoki, Allah ya yafe mini. Daga baya kuma na ga ba abin dariya ba ne. Mu da muka san labarin muna ƙarewa, waɗanda suka rage ma ba sa ji.

Su jikokin abin da suka sani tsohuwa ce a keken guragu, da jiƙaƙƙen tawul a wuya, mai tsokana. Ni matar wana ce, ni ne autan gidanmu, saboda haka wasa ne a tsakaninmu tun ranar da aka kawo ta. In da mutane ta ce Auta. In tana neman faɗa ta ce mijina marar amfani. Iyayenta mutanen Damagaram ne, mahaifinta gadi ya zo yi a Bompai, mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama. Yaya mai aikin wuta ne a wani kamfanin roba, ni ina masaƙa, muna haya a gida ɗaya kusa da kamfanoni, mahaifiyarmu Inna kuma tana gidanmu na gado a cikin tsohon gari. A lokacin jiniyar kamfanoni ce agogon kowa. In ta yi kuka sai ka ga kekuna sun cika titi kamar an fasa gidan tururuwa, gwauraye kuma su cika zaurenmu, kowa da kwanonsa na sayen abinci. Tukunyar matar Yaya, in ka faɗa ciki sai an miƙo maka tsani.

Har ta tsufa tana da wata al'ada. Kowace safiya kafin ta sauko daga gado sai ta yi abin da take kira kiran suna, irin na ƙofar kamfani: ta motsa yatsun ƙafa, ta lanƙwasa gwiwa, ta rufe ido ɗaya ta buɗe ɗaya, ta ga wa ya zo aiki wa bai zo ba. In ka tambaye ta jiki, sai ta ce yau ƙafar hagu ta tafi yajin aiki, ko ta ce hannun dama ya makara amma yana hanya. Akwai kuma ranakun da ba wata gaɓa ce ta ƙi zuwa ba, ita ce da kanta. Za ka same ta shiru, abinci a rufe, ido a bango. Irin wannan rana ba ta ɓoyewa, sai ta ce an ɗauke wuta a ciki. In ka tsaya kana jajantawa ta ce maka za a kawo, ka miƙo mata faifai.

Sunan ciwon mun daɗe ba mu sani ba. Sai da aka yi shekaru ana cewa sanyi ne, iska ce, sammu ne, wasu ma su ce son jiki ne, tunda yau tana tafiya gobe ba ta iyawa, sannan wani likita a Zariya ya ce cuta ce ta jijiyoyi, da Turanci multiple sclerosis, sunan da sai ka sha ruwa a tsakiyarsa. Ya ce jijiyar mutum tana da riga kamar wayar lantarki, tata rigar ce ke zaizayewa, saƙo ya riƙa yankewa a hanya. Yaya ya gane nan take, aikinsa ke nan. Likitan ya ce ciwon yakan tashi ya lafa, yakan taso wa mace bayan haihuwa, zafi kuma ba shi ke kawo shi ba amma yana tsananta shi. Ya ƙara da cewa ƙunci da fargabar da take fama da su ba raunin imani ba ne, tare suke tafiya da ciwon ga mutane da yawa. Matar Yaya ta ce wannan maganar ta ƙarshe ta fi mata allura amfani.

Amma labarin wankan ya faru tun kafin likitan nan, lokacin da ba ta da shaida sai jikinta.

Da ta yi haihuwar fari, mace, ba ta da uwar da za a kai ta wanka wurinta, sai Inna ta tare a gidanmu. Ku yaran yanzu ba ku san wankan jego na wancan zamani ba. Rabin duro ake ɗorawa a wuta, safe da yamma, ruwa ya tafasa yana tsalle, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego, ta fito ta sha kunun kanwa mai zafi, ta hau gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Inna kuwa gwana ce. Ruwanta in ka jefa kaza sai dai ka tsamo ƙashi. Kuma ba mugunta ba ce. Ƙanwarta ta rasu a ƙauye bayan haihuwa, jikinta a kumbure, aka ce don ba a gasa ta da kyau ba ne. Tun daga nan Inna ta rantse ba mai jegon da za ta mutu da ɗanyen jiki a hannunta.

Ba a yi nisa da wankan ba matar Yaya ta fara cewa tana gani dishi-dishi, ƙafafunta sun yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Inna ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara ice. Aka ƙara. Wata safiya muna zaure muka ji faɗuwa. Ta zube a makewayi, ruwa ya zubo mata a ƙwauri, fata ta saluɓe, ita kuwa ba ta ma ji zafin ba don ƙafar ta sage. Inna ta ga haka ta ce lallai sanyin ya yi yawa, arba'in ba za ta isa ba. Aka zarce da wanka. Matar da ta shiga jego da ƙafarta, sai ga shi ana ɗaukarta kamar buhu.

Jaririyar kuma Inna ta tafi da ita. Ba wanda ya ga laifi. Uwa ba ta iya tsayuwa balle goyo, sannan 'yar fari ce, kowa ya ce dama ta kaka ce. A nan ne abin ya ci matar Yaya. Kunyar 'yar fari ta hana ta kiran sunan yarinyar, ta hana ta tambayar lafiyarta a gaban mutane, balle ta ce a dawo mata da ita. Ko kukan ma ba ta da damar yi a fili.

Ƙafafun sun dawo bayan watanni, da ɗan ɗingishi. Ita ce ba ta dawo ba. Ta sauke tukunya, gwauraye suka koma wani zauren. Ciwon ya riƙa zuwa yana tafiya, kuma ko ranar da jikin ya yi daidai ba ta sakewa, jira take ya dawo. Ba ta ɗaukar kwano mai fashewa. Ba ta tsallaka soro. In aka kawo yarinyar gaisuwa, ta ji tana kiran Inna da sunan uwa, sai ta juya fuska bango. Ni kuma kullum in na taso aiki sai na tsaya a ƙofar ɗakinta na zuba ƙarya. Na ce mata yau inji ya haɗiye wani Bature ya fito da shi a atamfa mai zanen tsuntsu. Na ce na ga ɓera a masaƙa yana buga katin shiga aiki kamar kowane ma'aikaci. Ƙaryar da ta sa heluma, shugaban ma'aikatanmu, shi kansa ya riƙe ciki, ita ko motsi. Ta gaya mini bayan shekaru cewa a lokacin in ta yi sallah ba lafiya take roƙo ba, roƙo take Allah ya taƙaita mata. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda roƙon ya daina ba ta tsoro.

Ana haka ta samu wani cikin. Kowa ya yi murna, Yaya ya fara tara icen jego kamar yadda kowane miji ke yi. Ni ma ina kawo ɓarɓashin akwatunan katako daga Bompai a bayan keke. Ciki yana girma, tarin ice yana girma a tsakar gida, daidai saitin ƙofarta. Ya kai inda in ka hau kansa za ka hango Dala. Mu muna ganin tanadi. Ita tana zaune tana kallonsa, ta rame, ba ta barci, in aka jefa wani icen a kai sai ka ga ta zabura.

Wata yamma na shigo da kaya, sai na ji ta kira ni. Rabon da ta kira ni da kanta har na manta.

"Auta, kar ka ƙara kawo ice."

Na ce ko ta fi son a dafa ta da gawayi ne? Ba ta yi dariya ba. Ta ce in zauna. Ta ce a wancan jegon akwai lokacin da Inna ta tafi ta'aziyya ƙauye ta kwana, ba a yi wanka ba, washegari ta ga zanen labulenta sarai, ta dafa bango ta miƙe. Inna ta dawo aka ɗora ruwa, kafin ta fito daga makewayi duniya ta sake yin hazo. Tun daga nan take lura. In ta daɗe a gaban murhu, haka. In rana ta take da bazara, haka. In ta zuba ruwan randa a ƙafa da wuya, sai abin ya ɗan sake ta. Ta ce ta riƙe maganar shekara da shekaru, don wa zai yarda cewa wankan da ya tashi iyaye da kakanni shi ke kayar da ita?

"In na shiga ruwan nan ba zan fito da ƙafata ba. In ban fito da ƙafata ba za a ɗauke wannan ma. In aka ɗauke shi, Auta..."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce ta ƙarasa ba. Na tambaye ta ko ta gaya wa Yaya. Ta ce ta gaya masa, ya ci gaba da tara icensa. Ku da ba ku san Yaya ba, mutum ne da in Inna ta ce masa yau Juma'a ce alhali Talata ce, sai ya je ya nemo babbar riga.

Ta haihu lafiya, namiji. Washegari da sassafe Inna ta iso da ganyenta, ta ɗora rabin duro da hannunta. Ni da Yaya muna shirin fita aiki. Ruwa ya tafasa, Inna ta je ƙofar ɗaki ta ce, "'Yar nan, fito, ruwa ya yi."

Muka ji muryar matar Yaya ta fito sarai. "Inna, ku yi haƙuri. Ba zan yi ba."

Inna ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Da ta tabbatar, sai ta fara lallashi, daga lallashi ta koma faɗa. Ta ce za ta kumbura, za ta yi wari, nononta zai zama ɗanye ya lalata cikin yaro. Ta ambaci ƙanwarta. Ta ce ita ba za ta sake wanke gawar mai jego ba. Daga ƙarshe ta ce to tunda haka ne, a ba ta jaririn, ba za ta bar jikanta ya sha ɗanyen nono ba.

Matar Yaya ta dafa ƙyaure ta fito, jaririn a ƙirjinta, ta durƙusa a gaban Inna.

"Inna, ban ce wanka ba shi da kyau ba. Ya yi muku, ya yi wa matan duniya. Ni kayar da ni yake yi. Kun karɓi waccan ban ce komai ba, don ba ni da bakin cewa. Wannan ni zan goya shi. In na kumbura na mutu, kun fita, ni na jawo wa kaina."

Inna ta juya ga Yaya ta ce ya yi wa matarsa magana. Jiniya ta yi kuka a lokacin, na farkon kira. Yaya ya jingine kekensa. Ya je ya janye itatuwan wuta, ya sa tsumma ya kama bakin duron ya tuntsurar da ruwan a rariya, tururi ya rufe gidan har ba ma ganin juna. Ya kifa duron ya zauna a kai. Duron da aka sauke daga wuta yanzu-yanzu. Na ga fuskarsa ta canza kala, na ga gumi ya karyo masa, amma bai tashi ba, don in ya tashi maganar ta lalace. Abin da ya ce kawai shi ne, "Inna, ku yafe mini." Sati guda a tsaye yake tuƙa keke, a tsaye yake cin abinci, abokan aikinsa suka ɗauka sabuwar ɗariƙa ya shiga.

Inna ta tattara ganyenta. Ta ce in an kumbura kar a aiko mata. Ranar suna ta aiko da kayan barka, amma ƙafarta ba ta taka gidan ba.

Matar Yaya ta yi jegonta da ruwan randa, wata maƙwabciya tana taya ta wankan jariri. Labari ya zaga unguwa. Matan da ba su taɓa gaishe mu ba suka riƙa zuwa barka, wata ta zo sau uku da zani daban-daban, kowace tana magana idonta yana kan ƙafafun mai jego, ana jiran kumburi kamar ana duban watan salla. Kar ku ɗauka ita ba ta tsoro. Ita ma a cikin wannan imanin ta tashi. Kullum sai ta danna ƙwaurinta da yatsa ta ga ko zai lotsa. In yaron ya yi kuka fiye da kima sai ta ce nonon ne. Ciwon ma bai ƙyale ta ba, hannun hagu ya sage, ƙafa ɗaya tana ja. Amma tana gani, tana tsayuwa.

Burinta ɗaya ne: ranar yawon arba'in, ranar da mai jego ke fita gaida dangi, ta goya ɗanta ta je gidan Inna da ƙafarta. Tsoron faɗuwa da yaro a baya shi ne ya fi komai cin ranta, sai ta ƙulla gero a tsumma daidai nauyinsa, ta riƙa goya ƙullin da majanyi tana zaga tsakar gida da sanyin safiya. Yaya ya yanko mata bututun waya ya sa masa roba a gindi, ya zama sanda. Na ce geron nan ya sha goyo har ya kusa fara rarrafe.

Ana saura kwanaki kaɗan ƙafar ta harɗe, ta faɗi da baya, ƙullin ya fashe, gero ya watsu. Ta zauna a ƙasa tana kallonsa. Daga nan wuta ta ɗauke. Ta koma ɗaki, ta juya bango, ta daina cin abinci. Da na je ƙofarta sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, in ɗauki yaron in kai wa Inna, da kan yaron ne ya fashe ba gero ba fa? Ta ce Inna ce da gaskiya, ita ba uwa ba ce, kaya ce.

Ƙaryata duk ta gudu. Sai na tattara geron, na sake ƙullawa, na ɗauki majanyinta na goya a bayana, a kan rigar aiki. Na ce to zan kai shi, amma sai na gwada tukuna, kuma ta ƙofar kamfani zan bi a ga yadda ake goyo. Na fara zaga tsakar gida ina jijjiga, ina waƙar lallashi da muryata mai kama da injin niƙa. Ƙullin ya zamo ya koma ɗuwawu. Na gyara ya dawo ciki. Sai na ji wani sauti daga ɗaki, kamar ƙyauren da ya shekara ba a buɗe ba. Dariya take, tana hawaye. Ta ce, "Kwance, marar amfani. Ba haka ake ɗauri ba." Ta miƙo hannu ta karɓi majanyin.

Ranar fita ta yi kiran sunanta tun asuba. Ta ce ƙafar hagu ta zo amma ba da son ranta ba. Ta yi wanka, ta sa sabon zani, maƙwabciya ta ɗora mata yaron a baya, ta ɗaure da kanta, ta sake ɗaurewa. Yaya yana aikin safe, ni aka ce in raka ta. Ta kafa mini sharaɗi: in bi ta a baya, kar in taɓa ta sai in ta faɗi.

Tafiyar da nake yi kafin shayi ya huce, mun yi ta kamar za mu Makka a ƙasa. Ta bi gefen inuwa, ta yi taku kaɗan ta tsaya, ta jiƙa gefen mayafi da ruwan buta ta goga a wuya. Muka zo ƙofar kamfanoni daidai canjin aiki, kekuna ta ko'ina. Na ji tana karanta duk addu'ar da ta sani. Wani daga cikin tsofaffin masu cin abincin zaurenmu ya gan ni, ya gane ko wace ce, ya sauka daga keke ya tare hanya. Na bayansa ma ya sauka. Kafin ka ce me, an buɗe mata layi, maza riƙe da kekuna, suna sannu uwar gida, yaushe za a ɗora tukunya? Idonta yana ƙasa, tana ajiye sanda tana jan ƙafa, har muka wuce.

Mun tarar da Inna a tsakar gida a gaban murhu, yarinyar nan 'yar fari tana zaune kusa da ita tana cin ɗumame. Matar Yaya ta yi sallama. Durƙuso da goyo da sanda da ƙafa mai gardama ba ƙaramin aiki ba ne, amma ta yi shi, a hankali, har gwiwarta ta taɓa ƙasa. Ta ce, "Inna, mun zo gaisuwa."

Inna ta taso ta zaga ta. Ta ɗaga mayafin ta leƙa yaron, ta ga kumatu kamar an cusa masa ƙosai. Ta sunkuya ta kama ƙwaurin surukarta, wanda ke da tabon ƙuna, ta danna da babban yatsa. Ta ɗaga, ba rami. Ta danna ɗayan. Ta daɗe riƙe da ƙafar, tana kallon tabon. Sannan ta miƙe ta ja tabarma daga kusa da murhu ta kai gindin bango inda rana ba ta zuwa, ta ce a zauna a can.

Ta juya ga yarinyar ta ce, "Ke, tashi ki ɗebo wa uwarki ruwa. Na randa."

Yarinyar ta tashi da moɗa a hannu tana waige-waige, tana neman wadda ake nufi. Inna ta nuna mata da haɓa. Ta kawo ruwan, ta tsaya nesa kaɗan ta miƙa. Hannun matar Yaya yana rawa, ruwan yana zuba a zani, sai yarinyar ta matso ta tallafa mata gindin moɗar har ta shanye.

Da za mu koma, kafin rana ta yi zafi, Inna ta shiga ɗaki ta fito da ɗan ƙullin kaya a ɗankwali, ta ɗora wa yarinyar a ka. Ta ce sandar nan ba ta isa ba, mai goyo tana bukatar wanda zai riƙe mata buta, ta bi mu ta kwana biyu. Ba ta kalli kowa ba da take faɗa. Yarinyar ta bi mu. Kwana biyun nan bai ƙare ba sai ranar da aka kai ta gidan miji.

Allah ya gafarta wa matar Yaya, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, ya sanyaya mata makwanci. Ya jiƙan Inna da ta riga ta. Ya ba Yaya haƙurin zama a gidan da babu mai yi masa faɗa. Mu kuma da muka saura, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.